"Likita, Baba zai tashi?": Abin da ake dubawa a jikin mai shanyewar ɓarin jiki

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san wannan tsayuwar. Likita ya gama zagaye yana shirin fita, sai babban ɗan majinyaci ya bi shi har bakin ƙofa, ya sassauta murya don kada Hajiya ta ji, ya ce: "Likita, tsakaninka da Allah, Baba zai tashi?" Amsar ba ta cika wuce "muna iya bakin ƙoƙarinmu, a ci gaba da addu'a" ba. Bai yi ƙarya ba, rai a hannun Allah yake. Sai dai likitan ba a cikin duhu yake ba. Tun sa'ad da ya ɗaga hannun Baba ya saki, ya ga yadda ya faɗo kan katifa, ya fara wani lissafi a ransa. Wannan lissafin nake son mu warware.

Abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki iri biyu ne, kodayake a ido kamanninsu ɗaya. Akwai wanda jijiyar jini ke fashewa a cikin ƙwaƙwalwa, jini ya malala. Akwai kuma wanda gudan jini ke toshe jijiyar, sashen ƙwaƙwalwar da take shayarwa ya rasa abinci da iska ya fara mutuwa. Na biyun nan, wato na toshewa, shi ne maganarmu, kuma shi ya fi yawa. A Amurka yakan kai kashi 87 cikin 100. A wajenmu lissafin ya ɗan bambanta: binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na koyarwa na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya samu kashi 68 na toshewa ne, 32 na fashewa. Babu mai iya rarrabe su da tabbaci sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar CT. Shi ya sa ba wa mutum asfirin tun a gida ganganci ne: in toshewa ce zai amfane shi, in fashewa ce an ƙara wa wuta fetur.

Girman bugun, tun daga ƙofa

A cikin dukkan abubuwan da aka auna, babu wanda ya kai tsananin ciwon a ranar farko nuna inda aka dosa. Ba shekaru ba, ba suga ba, ba hawan jini ba. Likitoci na da ma'auni da ake kira NIHSS, wanda aka fito da shi a Amurka a 1989, kuma ba ya buƙatar na'ura ko ɗaya. Ana tambayar mutum wane wata muke ciki, shekarunsa nawa. A ce ya rufe ido ya buɗe, ya dunƙule hannu. A ga ko ƙwayar idonsa na bin yatsa hagu da dama, ko baki ya karkace, ko zai iya riƙe hannu a sama na daƙiƙa 10 da ƙafa na daƙiƙa 5, ko yana gane magana, ko ya manta da cewa yana da ɓarin hagu ɗungurungum. Kowace gazawa da makinta. Lafiyayye sifili ne, mafi muni 42.

A wani bincike da ya fito a 2012 an bi diddigin tsofaffi sama da 33,000 a Amurka da suka samu toshewar, aka jera su bisa makinsu. Masu maki 0 zuwa 7, kusan 4 cikin 100 ne suka rasu cikin kwana 30. Masu 8 zuwa 13, kusan 14. Masu 14 zuwa 21, kusan 32. Daga 22 zuwa sama kuwa, sama da rabi. Ka ga gwajin da bai wuce minti goma ba ya raba mutane gida huɗu, tsakanin na farko da na ƙarshe ninki fiye da goma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makin yana nuna girman jijiyar da ta toshe da faɗin ƙwaƙwalwar da ta lalace. Wani aiki da aka yi a yankin Oksfod na Ingila, wanda ya fito a 1991, ya nuna wannan ƙarara. In ƴar ƙaramar jijiya ce can ciki ta toshe, irin wadda daɗaɗɗen hawan jini da ciwon suga ke cinyewa, mutum na iya rasa hannu da ƙafa amma hankalinsa da maganarsa na nan. Cikin irin waɗannan 2 cikin 100 ne suka rasu a watan farko. In kuwa babbar jijiyar da ke shayar da mafi yawan ɓari guda na ƙwaƙwalwa ce, 39 cikin 100 suka rasu a wata ɗaya, 60 kafin shekara. Su duka biyun, a unguwa "shanyewar ɓarin jiki" za a ce.

Ma'aunin na da makanta guda da ya kamata a sani. Ba ya kama toshewar jijiyoyin ƙeya da kyau. Mutum na iya zuwa da jiri mai tsanani, da amai, yana ganin abu bibbiyu, yana tangaɗi, hannu da ƙafa kuwa da ƙarfinsu, makinsa ya fito kaɗan, har a ce shawara ce ko zazzaɓin cizon sauro a sallame shi. Alhali jijiyar da ke shayar da tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da farkawa, ita ce ke toshewa, kuma in ta rufe ruf ba a buɗe ta ba, mafi yawa ba sa kai labari.

Bayan tsanani sai shekaru. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani: ɗan 80 da ɗan 50 in bugu iri ɗaya ya same su, ba ɗaya za su tashi ba. Har akwai wani gajeren lissafi da wasu likitoci ke yi, su haɗa shekaru da makin NIHSS, in jimlar ta kai 100 su san akwai aiki ja. Amma ni a ganina ba adadin shekarun ne abin dubawa ba, yadda ciwon ya iske mutum ne. Dattijon da ke tafiya masallaci da ƙafarsa sau biyar, yana zuwa gona, ba daidai yake da sa'ansa da dama can sai an kai shi banɗaki ba. Wani ma'aunin hasashe da aka gina a Kanada ya sa wannan a ciki, tare da ciwon daji, da gazawar zuciya, da wankin ƙoda.

Makon farko na ƙwaƙwalwa ne

Tun a 1984 wasu likitoci a Toronto suka lura cewa mace-macen watan farko ba a warwatse suke ba, tudu biyu suke yi. Tudun farko a makon farko, na biyu a mako na biyu zuwa na uku, kuma abin da ke kisa a kowanne daban ne. Wannan rabon, a wajena, shi ne abu mafi amfani da mai jinya zai riƙe.

A makon farko ƙwaƙwalwar ce da kanta. Naman da ya mutu yakan kumbura, kamar yadda ƙafa ke kumbura in an gurɗe. To ƙafa tana da wurin da za ta kumbura, ƙwaƙwalwa kuwa a cikin ƙoƙon kai take, ƙashi ta kowane gefe. In kumburin ya yi yawa sai ta tura kanta gefe da ƙasa, ta danne tushen da ke riƙe da numfashi. Kumburin yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana na 2 da na 5. Wannan ne asalin labarin da muke yawan ji a wajen ta'aziyya: "Shekaranjiya fa har magana ya yi mana, ya sha kunu, jiya sai barci, yau sai ga shi." Barcin nan ba hutu ba ne. Majinyacin da ke ƙara nauyin tashi a kwana na biyu ko na uku, ko ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗayar buɗewa, ba a jira zagayen safe, a take ake kiran likita.

Irin wannan babban bugun, in magani kawai aka bi, kusan 8 cikin 10 ne ke rasuwa. Akwai tiyata: a cire wani yanki na ƙoƙon kai a ba ƙwaƙwalwa wurin kumbura, daga baya a mayar. Da aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje uku na Faransa da Jamus da Holan a 2007, a kan mutanen da ba su haura shekara 60 ba kuma aka yi musu cikin awa 48, kashi 78 na waɗanda aka yi wa aikin sun rayu, a ɗaya ɓangaren kashi 29. Rata ce babba. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sun rayu ne da naƙasa mai nauyi, shi ya sa shawarar ba ta likita kaɗai ba ce.

Zuciya ma tana shiga lissafin tun ranar farko. Akwai wata rikicewar bugun zuciya da ɗakunanta na sama ke daina matsawa su koma karkarwa. Jini ya kwanta a wani lungu, ya daskare, wata rana gudan ya ɓalle ya haura kai. Gudan da ya taso daga zuciya yakan yi girma, don haka babbar jijiya yake toshewa. Binciken garin Framingham na Amurka ya nuna wannan rikicewar na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma a rahotonsu na 1996, masu ita kashi 25 suka rasu a kwana 30, marasa ita kashi 14. A Turai ciwon tsofaffi ne. A wajenmu kuwa akwai matasan da ciwon maƙogwaron yarinta ya lalata wa ƙofofin zuciya, akwai kuma masu jego da zuciyarsu ke kumbura ta yi rauni bayan haihuwa, ciwon da likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Zuciya mai rauni ma tana tara gudan jini. Mai jegon da bakinta ya karkace, kafin a ce iska ce ta buge ta, a duba zuciyarta.

Sai hawan jini, inda aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Babu musu shi ne uban tafiya wajen jawo ciwon. A binciken SIREN ya shiga cikin kusan 9 daga kowane 10. Amma da zarar toshewar ta auku, lissafi ya juya. Ka ɗauki mai noman rani da babbar hanyar ruwansa ta toshe. Fangalin da ke bakin toshewar ya riga ya bushe, amma na kewaye na samun ɗan ruwa ta ƙananan kwatoci daga maƙwabta. In ka rage ƙarfin injin a wannan lokacin, su ma sun tafi. Haka ƙwaƙwalwa take: a kewayen wurin da ya mutu akwai yankin da ke tsakanin rai da mutuwa, yana rayuwa da ɗan jinin da ke zagayowa ta ƙananan jijiyoyi, jiki kuma yakan ɗaga awon jini don ya tura masa. Bayanan wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa da aka tantance a 2002 sun nuna mace-mace sun fi ƙaranci idan lambar sama ta awon jini tana wajen 150, kuma saukowa ƙasa da hakan ta fi haurawa haɗari. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce ba a gaggawar sauke shi a kwanakin farko sai ya haura 220 bisa 120, ko in za a yi allurar narkar da gudan jini, wadda ke buƙatar ya sauko ƙasa da 185 bisa 110. Ƙwayar nan da ake sa wa mutum ƙarƙashin harshe a kemis don "jininsa ya hau" tana iya mayar da ƙaramin bugu babba.

Suga kuma ya koya wa masana wani darasi. An daɗe da sanin cewa wanda ya zo asibiti da suga a sama ya fi shiga haɗari. Wani nazari na 2001 ya samu ninki kusan uku na mutuwa a watan farko ga waɗanda ma ba su da ciwon suga a da. Sai aka ce to a matse shi da insulin ta jijiya. Aka gwada a Birtaniya, sakamako ya fito a 2007, aka sake a Amurka, ya fito a 2019, bai ƙara yawan masu warkewa ba, sai ma faɗuwar suga da ya jawo wa wasu. Ashe wani ɓangare na hawan sugan ƙararrawa ce kawai ta jikin da ya sha bugu mai tsanani. Ana saita shi in ya yi yawa, ana kiyaye kada ya faɗi, amma ba duk abin da ke nuna haɗari ne ke haddasa shi ba, kuma kashe ƙararrawa ba ya kashe gobara.

Daga mako na biyu, cokali da tabarma

Tudu na biyu ne ya fi ci mini rai, don a nan ƙwaƙwalwar ta riga ta lafa. Abin da ke ɗaukar mutum yanzu ƙirji ne, da ƙafa, da fata, da mafitsara.

Kusan rabin masu shanyewar ɓarin jiki na samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Haɗiya aiki ne na tsokoki masu yawa da dole su yi motsi a jere cikin ƙiftawar ido, su rufe hanyar iska kafin abinci ya wuce. In tsarin ya rikice, ruwa ya bi ta maƙoshin iska ya sauka huhu. Abin tsoron shi ne wasu ko tari ba sa yi, don jin wurin ma ya tafi. Suna ƙwarewa shiru. Bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi, sai numfashi sama-sama, sai a ce namoniya. Wani bincike a jihar Ohayo ta Amurka a 2003 ya samu namoniya na ninka haɗarin mutuwa a kwana 30 sau uku, ko bayan an cire tasirin tsananin ciwon.

Yanzu ka tuna yadda muke jinya. Mutum ya faɗi, abu na farko a ɗago kansa a ɗura masa ruwa. Sannan rubutu, sannan jiƙo, sannan koko don "cikinsa ba komai". Ƙanwarsa ta zo daga ƙauye da fura, kuma ba za ta koma ba sai ta ga ya sha da idonta. Duk ƙauna ce. Kuma ruwa tsinkakke shi ya fi komai saurin kuɓucewa zuwa huhu. Ban ce a bar addu'a ba. Tofi ba ya bi ta maƙogwaro, rubutu kuma ana iya shafa shi. Abin da ake nema shi ne kada komai ya shiga baki, har da ƙwayar magani, sai ma'aikaciyar jinya ta zaunar da shi tsaye ta gwada shi da ƙaramin cokali, ta saurari muryarsa bayan ya haɗiye. In bai wuce gwajin ba, robar da ake zurawa ta hanci zuwa ciki don ba shi abinci ce mafita. Na san yadda dangi ke ƙin robar nan, ana ganin alamar an kusa ce, har wani ya ce "a cire masa wahala". Sau da yawa na ɗan lokaci ce, don haɗiyar yawancin mutane na dawowa cikin ƴan makonni.

Ƙafar da ba ta motsi kuma jini na kwanciya a cikinta ya daskare, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Wannan ita ce mutuwar farat ɗaya ta mutumin da ake shirin sallama. An gwada doguwar safa mai matsewa a Birtaniya, ba ta hana ba. Abin da ya yi aiki a wani gwaji da ya fito a 2013 shi ne wata riga ta ƙafa mai hura iska tana saki. Inda babu ita, saura motsa ƙafar, da isasshen ruwa a jiki, da zaunar da mutum da tayar da shi da zarar likita ya yarda, da allurar tsinka jini ga wanda ta dace da shi. Gyambon kwanciya da robar fitsarin da aka manta da ita makonni su ma ƙofofin ƙwayoyin cuta ne zuwa jini. Juya majinyaci duk bayan awa biyu aiki ne mai gajiyarwa, musamman da dare, kuma a asibitocinmu a wuyan dangi yake.

Wanda ke shakkar cewa waɗannan ƙananan abubuwa na sauya lissafi, ya dubi abin da aka yi a jihar New South Wales ta Ostareliya, aka wallafa a 2011. Sassan jinya 19 aka raba biyu. Ba a kawo sabon magani ko na'ura ba. An dai horar da ma'aikatan jinya na rukuni ɗaya kan abu uku: auna zafin jiki duk awa huɗu da sauke shi da farasitamol, lura da suga, da gwada haɗiya. Bayan kwana 90, waɗanda suka rasu ko suka kasa kula da kansu kashi 42 ne a rukunin da aka horar, kashi 58 a ɗayan. Allurar narkar da gudan jini, wadda sai an iso cikin awa huɗu da rabi ake yinta, tana rage naƙasa sosai, amma ba ta cika rage yawan mace-mace ba. Ga shi ma'aunin zafi da cokali sun yi wannan rata a jimlar masu rasuwa da masu kasa kula da kansu.

Saura wani abu da ya kamata a faɗa game da alƙaluman nan duka. An tattara yawancinsu ne a ƙasashen da motar asibiti ke ɗauko mutum cikin awa guda. An ƙiyasta cewa a babbar toshewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa duk minti. Wanda ya kwana uku a gida ana masa hayaƙi, ko ana harhaɗa kuɗin mota da na hoto, ya iso da bugun da ya gama faɗaɗa, da ƙishirwa, wataƙila da namoniyarsa a ƙirji. Makinsa na ranar isowa ba na ciwon kaɗai ba ne, har da na jinkirin.

Hasashe kuma yana da wata mummunar ɗabi'a, yakan gaskata kansa. In likita ya nuna a fuska cewa babu fata, ko wani babba a dangi ya ce "a kai shi gida ya cika a ɗakinsa", sai a cire ruwa, a cire roba, a kwantar da shi a tabarma ana ba shi kunu da ludayi. Bayan kwana biyar ya rasu, kowa ya ce ai dama likita ya faɗa. Masu bincike a Amurka sun ga irin haka a asibitocinsu: inda aka yi saurin janye kulawa, mace-mace sun fi abin da tsananin ciwon kaɗai zai bayar. Akwai lokacin da mayar da mutum gida shi ne daidai, akwai kuma lokacin da aljihu ne ya yanke hukuncin ba dangi ba. Amma alƙaluman na taron jama'a ne, ba na Baba shi kaɗai ba. Ko a rukunin nan mafi muni, masu maki 22 zuwa 42, tsofaffi ƴan 65 zuwa sama, kusan 46 cikin 100 suna raye bayan kwana 30.